Inda gani ke korar ji

A garin Ɗan Issa, a kan hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta nufi Jibiya da Katsina, akwai wani tsohon daraktan lakwal wanda rabonsa da alli ya fi shekara goma, amma har yau babba da yaro Mushe suke kiransa. A kusurwar ɗakinsa akwai wata adaka ta ƙarfe cike da kaset fiye da ɗari: Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'adu Bori na Maraɗi, da wa'azozi, da shirye-shiryen da ya riƙa ɗauka daga Muryar Sahel a zamanin da rediyo ke da martaba irin ta babban baƙo. Cikin kaset ɗin nan duka akwai guda ɗaya da ba shi da hoto ko sunan kamfani, sai shekara kawai da ya rubuta da jan biro: 1984.

Wannan shekara ba ta bukatar bayani ga dattawan yankin. Damina ta ƙi, Najeriya ta rufe iyaka, yunwar da aka laƙaba wa suna El-Buhari ta shiga gidaje. Cikin watannin nan ne wani tsohon maroƙi, wanda ya tashi a gidan makaɗan fada, ya sauka a zauren Mushe ya kwana uku. Ba shi da abin biyan tuwon da ya ci sai abin da ke bakinsa, saboda haka a daren ƙarshe ya zauna a tsakar gida ya jero sarakunan Katsina, tun daga waɗanda suka yi mulki a birni kafin jihadi har zuwa waɗanda suka yo arewa suka kafa Maraɗi suka riƙe ta, su Ɗan Kasawa da Ɗan Baskore, kowa da kirarinsa da yaƙoƙinsa. Mushe a lokacin matashin malami ne, ɗan Samariya irin ta zamanin Seyni Kountché, kuma ya san labarin aikin tattara tarihin baka da cibiyar CELHTO ke yi a Yamai. Ya ɗauko rediyonsa mai kaset, ya zuba batiran da yake tattali domin jin labarun dare, ya danna. Minti 45, fuska ɗaya ta kaset. Maroƙin bai ga damina ta gaba ba.

Sau uku, a shekaru daban-daban, Mushe ya zauna don ya rubuta abin da ke cikin kaset ɗin, da nufin miƙa wa ƙungiyar raya al'adu ta garin. Sau ukun nan littafinsa yana ƙarewa da giɓi da yawa, wuraren da ya jera ɗigo-ɗigo saboda ƙaramar rediyonsa ta cinye kalmar. Tsohon ba shi da haƙora, iska tana kaɗawa a daren, kaset kuma yana tsufa kamar mai shi. Daga baya wani mai gyaran rediyo a Maraɗi ya juye masa sautin a cikin katin waya, ya dai tsira daga lalacewa, amma giɓin suna nan inda suke.

Ana haka sai zinariya ta bayyana a ƙasar Ɗan Issa a 2021, dubban mutane suka kwararo daga Nijar da Najeriya. Ɗan farin Mushe bai shiga rami ba; ruwa da abinci ya riƙa kai wa masu haƙa da motarsa. Da ramuka suka rufta a Garin Liman cikin watan Nuwamba na shekarar, mutum 18 suka rasu, sai ya tattara ribarsa ya koma kasuwancinsa na da. Cikin abin da kuɗin zinariya suka kawo garin har da dogayen lasifikoki masu tsayuwa a ƙasa, waɗanda masu jin Faransanci ke kira baffle, masu fitilu ja da shuɗi da ke bin kiɗa. Gidan da ya samu, daga bakin titi ake jin shaidar samunsa. Ɗan ya ga bai kamata a ce tsohonsa, wanda ya fi kowa kaset a unguwa, yana fama da rediyo mai girman bulo ba. Ya ce, “Baba, ranar da ka samu sarari mu shiga Maraɗi, akwai abin da nake so ka zaɓa da kanka.”

Mai shagon da suka je wurinsa tsohon ɗalibin Mushe ne, ya durƙusa ya gaishe shi kamar yana aji shida. Ya nuna musu kaya iri biyu. Na farko sababbi ne fil, daga Sin, tsayinsu ya kai ƙirjin mutum, baƙi mai sheƙi da adon azurfa, komai a haɗe: na'urar ƙara sauti a ciki, wurin sa kati, da haɗi da waya ba tare da igiya ba. An manna musu takarda mai ɗauke da wat 5000. Kuɗinsu jika 70. Na biyun kwancen Turai ne, irin kayan da ke shigowa ta Kwatano, sun fi gajarta, launin katako, gefen ɗaya ya ɗan ɓantare, babu fitila ko ɗaya, kuma ba sa magana sai an haɗa su da tasu na'urar ƙara sauti, wadda masu gyara ke kira amfili. A bayansu an rubuta wat 80. Da su da amfilin, jika 200.

Ɗan ya yi dariya. Ina 80, ina 5000? Ga shi kuma mai 80 ɗin ne ya fi tsada kusan ninki uku, tsoho, mai tabo. Mai shago ya kunna sababbin, ya murɗa, gilashin ƙofa ya kama rawa, yara suka taru a bakin shago. Mushe bai ce komai ba, ya sa tabarau ya zagaya bayan akwatin, inda ake rubuta wutar da na'ura ke ci. Wat 60. Ya kira ɗansa ya nuna masa da yatsa, kamar yadda yake nuna kuskure a allo. Tulun da aka zuba wa kwano 60 ba ya tsiyayar da kwano 5000. Babbar lambar nan ta gaba, wadda ake yi wa laƙabi da PMPO, ba ta da ma'auni tsayayye da masu ƙera kaya suka yarda da shi. Kowane kamfani yana rubuta abin da ya ga zai ja ido. Ko da ma lambar gaskiya ce, ba ta faɗin daɗin sauti, kuma ko ƙarfinsa ba ta faɗa yadda mutane ke zato, domin kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sau biyu, sai an ninka wat kusan sau goma.

Abin da ke cikin akwatunan nan biyu, a asali, abu ɗaya ne, kuma bai sake sosai ba tun 1925, lokacin da Chester Rice da Edward Kellogg, injiniyoyin kamfanin General Electric a Amurka, suka bayyana tsarinsa: maganaɗisu, da naɗin siririyar wayar tagulla, da faifan takarda mai siffar mazurari wanda ke kai da komo yana tura iska. Faifai ɗaya ba ya iya ɗaukar dukan abin da kunne ke ji, daga kaɗawa 20 a daƙiƙa zuwa 20,000 ga yaro mai lafiyar kunne, shi ya sa ake raba aikin: babban faifai ga rugugi, matsakaici ga murya, ƙarami ga siririn sauti, sannan a sa wasu ƴan kayan lantarki su aika wa kowa rabonsa. A nan kuɗi ke shiga, a wurin da ido ba ya gani. Maganaɗisu mai nauyi tsada gare shi, marabar sauti mai kyau tsada gare ta, katako mai kauri tsada gare shi; fitila da fentin azurfa kuwa kusan kyauta ne. Har akan sami akwatunan araha masu faifai huɗu ko biyar a gaba, alhali wasu daga ciki ado ne kawai, ba waya a bayansu.

Mushe ya ƙwanƙwasa gefen sabon akwatin da bayan yatsa, ya amsa kamar ƙwarya. Ya ƙwanƙwasa tsohon, shiru kamar katanga. Wanda ya saba da kayan kiɗa zai iya ɗauka na farkon ne ya ci, tun da ƙwaryar gurmi da cikin kalangu amsawarsu ce darajarsu. Amma gurmi muryarsa yake yi, lasifika kuwa ɗan aike ne. Akwatin da ke amsawa yana ƙara tasa magana a kan saƙon da aka ba shi, kuma magana ɗaya yake ƙarawa ga kowa, ko Shata ne ko mai karanta labarai.

Duk da haka bai yanke hukunci a shago ba. Ya roƙi tsohon ɗalibinsa arzikin kwana biyu, a kai duka biyun Ɗan Issa ya saurara a ɗakinsa. Ba kowa ake yi wa haka ba, amma wa zai hana wanda ya koya masa baƙi da wasali?

A gida ya yi abin da ya ba iyalinsa dariya. Ya sa aka jera akwatunan huɗu a jikin bango, aka ɗaura igiya, aka rataya siririn mayafi a gabansu, ya ɗora jikansa a bayan labule da umarnin ya riƙa sauya su ba tare da ya faɗi wanne ke magana ba. Ya ce shekara da shekaru yana gyaran takardun jarrabawa, kuma bai taɓa ba da maki ba sai an naɗe kusurwar takarda an liƙe sunan ɗalibi, domin ɗan sarki da ɗan talaka su tsaya da abin da suka rubuta. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji, suna nufin yabon gani. A sha'anin lasifika kuwa wannan korar ita ce cutar. Bai san cewa masana sun riga shi ba: a 1994 Floyd Toole da Sean Olive, masu bincike a kamfanin Harman na Amurka, sun gwada mutane da lasifikoki a buɗe da kuma a bayan labule, suka tarar makin da mutum ke bayarwa yana sakewa da zarar ya ga girma da kyau da sunan abin, har ga waɗanda sauraro ne sana'arsu. Ya kuma nace a daidaita ƙarar duka biyun kafin a fara, jikan ya auna da wayarsa. Wannan ma da hujja: tun 1933 Harvey Fletcher da Wilden Munson suka nuna kunne ba ya jin rugugi sosai idan sauti ya yi ƙasa, saboda haka duk abin da aka ɗan ƙara wa murya sai ya zama kamar ya fi cika. Ƴan kasuwa ba su karanta wannan ba, amma hannunsu ya san shi.

Aka fara da waƙoƙin finafinan Kano da samari ke so, masu kiɗan fiyano da bugu mai nauyi. Nan gaskiya ta yi halinta: kusan kowa a ɗakin, har da Mushe, ya zaɓi na jika 70. Kiɗan da aka haɗa shi domin ya girgiza ƙirji, akwatin da ke girgiza ƙirji yake so, kuma babu abin kunya a ciki. Mai biki a tsakar gida, wanda ke son a ji shi har layi na uku, bai yi asara ba idan ya sayi na araha. Masu raina kayan talaka da sunan sanin sauti sukan manta da haka.

Da aka sa Shata, ɗaki ya rabu. Samari suka tsaya kan zaɓinsu na farko, domin kalangai sun fi cika ɗaki. Dattawa biyu da suka shigo kallo suka ce a'a, a ɗayan ne ake jin abin da yake faɗa, ana kuma jin ƴan amshi daban, ba a dunƙule ba. Dalilin rabuwar yana cikin harshen kansa. Waƙar Hausa ta gargajiya waƙar magana ce. Kiɗa rakiya yake yi, dukiyar tana cikin kalma, cikin habaici da zambo da sunan wanda aka ambata. Abin da ke raba baki da baƙi, ko kafa da ƙafa, ko sara da tsara, ɗan ƙaramin motsi ne na sauti, mai saurin wucewa, wanda yawancinsa ke zaune can sama da inda rugugi yake. Kunne kuwa yana da wata ɗabi'a: ƙaƙƙarfan sauti mai kauri yakan lulluɓe siraran da ke samansa. Akwatin da ya kumbura rugugi don ya burge mai saye a minti biyu na shago, baƙaƙen harshe yake binnewa. Ga kuma ɗakin Mushe, siminti ƙasa da bango, kwano a sama, komai yana dawo da amo. Tsohon soron ƙasa mai azara da tabarmi da ya fi yi wa kowace lasifika adalci. Sai da suka janye akwatunan daga kusurwa, suka shimfiɗa darduma, kafin ma na tsadar su nuna abin da suka iya.

Bayan sallar isha'i, da baƙi suka watse, aka sa sautin 1984. A na arahar, muryar tsohon maroƙi ta fito da kauri da kwarjini, kamar ta mutum mai ƙiba, abin da bai taɓa zama ba. A na tsadar ta fito siririya, busasshiya, ga shuuu ɗin kaset a fili, ga iska, ga tari. Ɗan ya ɓata fuska, ya ce, “Baba, ai wannan ya fi muni.” Mushe ya ɗaga masa hannu. Ya riga ya buɗe littafinsa a kan gwiwa, biro yana tafiya. Kalmar da ya yi shekaru yana zaton sunan gari ce, ashe sunan doki ce. Wani wurin da ya ɗauka tari ne, ashe suna ne aka faɗa da sauri. A zama ɗaya ya cike giɓi goma sha ɗaya. Sauran suna nan, kuma za su zauna, domin abin da makirufon ƙaramar rediyo bai kama ba a daren, babu kuɗin da zai dawo da shi. Kunnen mai shekara saba'in ma ya riga ya sallama siraran sautuka da dama, ko da wace irin lasifika aka kawo masa.

Wajen minti na talatin, inda maroƙin ya tsaya ya sha ruwa, biron ya tsaya shi ma. Mushe ya ce wa jikan ya mayar baya kaɗan. Aka mayar. Can nesa, a bayan shuuu ɗin kaset, akwai kukan jariri, sannan muryar mace tana cewa wata yarinya ta miƙo mata zane, sanyi ya fara sauka. Kalmomi shida ko bakwai, ba su fi haka ba. Aka sake mayarwa, sau uku. Mushe ya cire tabarau ya riƙe a hannu, ya daɗe yana kallon labulen. Bai taɓa kiran sunan ɗan farinsa ba, kuma ko a daren bai kira ba. Ya ce, “Kai, matso kusa. Mai kukan nan kai ne. Mai maganar kuwa mahaifiyarka ce.”

Ta rasu yana da shekara biyu. Hotonta ɗaya ne a gidan, na katin shaida. Mutumin da ya kusa arba'in, mai mata da ƴaƴa da mota, ya zauna a kan darduma kamar ɗan aji ɗaya, ya ce a sake sawa.

Washegari suka gwada wurin a na arahar, don Mushe ba ya son hukuncin da hawaye suka yanke. Abin mamaki, muryar tana nan a can ma, dusu-dusu, ƙarƙashin rugugi; da ma tana nan a tsohuwar rediyo shekara 38, ba wanda ya ji ta. Da kunne ya san inda zai nema, sai ya samu. Wannan ya ba uwargidan Mushe hujja, ita da ta riƙi yaron tun yana tatata. Ta ce, “Malam, tun da an ji abin da za a ji, a mayar masa da tsofaffin nan. Jika 130 ba wasa ba ne, ga rufin ɗakin baya yana yoyo, ga hatsi bai kai mu kaka ba.” Ba ta yi kuskure ba. Karin magana biyu ne suka yi karo a tsakar gidan, kowanne da gaskiyarsa: sayen nagari mayar da kuɗi gida, amma kuma daidai ruwa daidai tsaki. Tsohon kaya ba shi da garanti, zafin bazara da ƙurar hunturu suna busar da robar da ke riƙe da faifai, wutar da ke hawa da sauka tana ƙona amfili, kuma idan abu ya mutu a cikinsu, samun madadinsa a Maraɗi sai an dace. Mushe kansa ya karkata ga maganarta. Ya ce ya cike abin da zai iya cikewa, sauran adakar kuwa ya saba jin ta yadda take.

Ɗan ne ya ƙi. Shi da ya yi dariyar wat 80 a shago, shi ya koma Maraɗi da sababbin a bayan mota, ya biya jika 120 hannu, saura bayan wata biyu, ya kuma aiko da kwano huɗu na rufin ɗakin baya don kada magana ta yi tsawo. Da abokansa suka tambaye shi yadda aka yi ya bar masu fitila ya ɗauko kwance, sai ya ce zaɓin tsoho ne.

Ba a daɗe ba abin da ake tsoro ya faru: a bazarar 2023 ƙaramin faifan akwatin hagu ya yi shiru, mai gyara ya sa wani wanda ba irinsa ba, har yau ɓangaren ya fi ɗan'uwansa kaifi kaɗan. Da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na shekarar, bayan juyin mulki, akwatunan sun yi watanni galibi a rufe da tsohon zanen gado, Mushe ya koma ga ƙaramar rediyonsa mai batir, sai da ɗan ya kafa faifan hasken rana a kan rufi. Littafin sarakunan Katsina ya isa hannun ƙungiyar raya al'adu da sauran ɗigo-ɗigonsa, malamai biyu na kwalejin garin suna karanta wa ɗalibai wasu sassansa. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci ɗan yakan biyo ta gidan, ya gaida uwargida, ya shiga ɗakin tsohon. Wani lokaci Shata suke sawa, wani lokaci Ɗanƙwairo. Idan jikan yana kusa, ba sai an gaya masa ba, ya san minti na talatin.